In ƙarfe ya cije, a aje guduma

Ɗan'uwa mai karatu, ka taɓa kai injin ban ruwa wajen gyara? Ka tsaya bisa kan mai gyara kana cewa: "Maigida, yi sauri, albasata na ƙuna"? To, da kai nake magana, kai da mai gyaran duka.

Bara wani ɗan ajinmu mai garkar albasa cikin fadamar Tarka ya kai injinshi gyara. Wani ƙarfe na ciki ya cije, ya ƙi fita. Maigidan ba ya nan, sai yaron shago. Mai inji ya matsa, yaro ya ɗauki guduma. Bugu uku, bakin sandar injin ya baje, haƙoranta sunka lalace. Gyaran wuni guda ya koma neman sabuwar sanda a Kwanni. Kafin a samo ta, rabin garka ta bushe. Ni ban ga laifin yaro shi kaɗai ba. Gaggawa ce ta mu duka.

Mi ke sa ƙarfe ya cije? Abu na farko tsatsa. In ruwa ya shiga tsakanin noti da ƙusarshi, tsatsa takan fito. Ita kuwa ta fi ƙarfen da ta ci girma, sai ta cika wurin ta matse. Na biyu ƙura da yashi, waɗanda ba mu rasa su a Madawa, Buza da Keita. Na uku, akwai ƙarfen da da gangan anka yi shi don ya cije.

Dubi injin huda ƙarfe, ko tur, wato injin da ke juya ƙarfe yana feƙe shi. Gindin abin hudar yana da tsini kaɗan, ramin da yake shiga shi ma haka. In anka tura shi, sai ya kama gam, ba noti. Wani mutumin Amurka, Stephen Morse, ya fito da wannan dabara a 1864, kuma har yau ana aiki da ita. Wanda ya ƙera injin ya bar wata ƴar kafa a gefe. Nan ake sa wani ɗan ƙarfe mai kama da weji, a taɓa kaɗan, abin ya faɗo. Wanda bai san kafar ba, shi ne ke bugun inji. Irin wanga inji aikinshi awo ne, kuskuren da bai kai kaurin gashi ba yana ɓata shi. In sandarshi ta karkace, duk ramin da zai huda nan gaba karkatacce ne.

Ga abin da gwanayen masu gyara ke yi. Da farko su wanke wurin, su goge ƙura. Sannan su zuba gazuwal ko kananzir, su bar shi ya kwana. Man yana bin ƴan kafofi yana sassauta tsatsa.

Sai su duba hannun da ake kwancewa. Yawancin noti hagu ake juya shi ya kwance, amma ba duka ba. Fedar hagu ta keke dama ake juya ta ta fita. Wasu injuna ma suna da irin wannan. Sau da yawa noti bai cije ba, mutum ne ke ƙara ɗaure shi da ƙarfinshi.

Sai su ɗauki kile daidai da notin. A nan karatunmu ke da rana. Kowane kile yana da lamba a jiki: 10, 12, 13, 17. Lambar nan faɗin bakinshi ce da milimeta. In ka sa 13 bisa notin 12, zai zame ya cinye kusurwoyin, daga nan ba kilen da zai kama. Wanda ya iya karanta lamba ya tsira daga wannan hasara.

In duk ya ƙi, sai wuta. Ƙarfe yana buɗewa in ya ji zafi: sanda mai tsawon mita 1, in zafinta ya ƙaru da digiri 100, takan ƙara tsawo da milimeta 1 da ɗan kai. Kaɗan ne, amma ya isa. Don haka na waje ake gasawa, wato notin, don ya buɗe ya saki na ciki. Amma a yi hattara. A juye esansi, a goge mai, a nisanta tanki kafin a kunna wuta. Kuma ba a gasa bakin huda ko bakin yanka, don in sunka yi zafi har sunka canza launi, taurinsu ya tafi.

Za ka ce mini: "Malam, ai mun sha ganin guduma ta yi aiki." Gaskiya ne. Taɓawa kaɗan kaɗan a gefe tana karya tsatsa. Amma a sa guntun icce ko tagulla tsakani, kada ƙarfe ya ci ƙarfe. Ƙarfe mai tauri in ya sha bugu yakan tsage, ɓarɓashi ya yi tsalle. Ana sayen sanda a kasuwa, ba a sayen ido.

Za ka ce kuma kayan aiki na da tsada. Haka ne. Manya suna tune da Janairun 1994, lokacin da anka karya darajar sefa da rabi, kayan waje sunka yi tsada. Tun daga nan munka san zafin sayen kayan inji. To wane ya fi sauƙi: abin cirewa mai ƙafafu da ke jawo ƙarfe a hankali, ko sabuwar sanda kowace shekara? Masu gyara uku ko huɗu na iya haɗa kuɗi su saye shi, su riƙa karɓa-karɓa.

Kai kuma mai inji, ga naka. In an gama aikin rani, juye ruwan da ke cikin famfo, shafa mai ga notuna, rufe inji daga ƙura. Kai shi gyara tun kana renon iri, kada ka bari sai albasa ta fara kai. In ka kai, kada ka tsaya kana hura ma mai gyara wuta. In ya ce a bari ya kwana cikin gazuwal, bari ya kwana. Sannu ba ta hana zuwa.

Ku iyayen gida, ku koya ma yaranku wannan tun ranar farko, kuma ku bar su su zo aji su koyi lamba.

Tambayoyi
1. Mi ke sa ƙarfe ya cije?
2. Don mi ake gasa noti, ba ƙusa ba?
3. Rubuta lambobin da ka gani a jikin kile uku.