Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Masu Faci da Dillalan Taya na Birnin Kebbi da Argungu



Na rubuto muku ne kan abin da ya zama yayi a garejojinmu: mai a-kori-kura, galibi Hilux, ya zo ya ce a cire masa tayar kamfani a sa masa manya. Dalilinsa ba ɓoyayye ba ne. Motar nan fadamar Rima take shiga, ta ɗauko shanshara daga Augie ko Suru ko Bunza zuwa injinan casa na Labana a Birnin Kebbi da WACOT a Argungu, ko ta ɗauko albasa daga Aliero. Da damina taɓo, da rani rairayi. Yana son cikin motarsa ya daina gogar ƙasa, yana kuma zaton babbar taya za ta ba shi damar ƙara buhu. Buƙatar farko gaskiya ce, kuma akwai yadda ake biyanta. Ta biyun kuwa kuskure ce, ku ne kuma kuka fi kowa cancantar gaya masa, domin daga hannunku taya take hawa kwalta.

Ku fara da rubutun da ke jikin taya, ku kuma koya wa yaranku karanta shi. Idan aka rubuta 265/65R17, faɗin tayar milimita 265 ne, tsayin gefenta kashi 65 cikin 100 na wannan faɗin, wilin da za ta hau kuma inci 17. Tsawon irin wannan taya daga ƙasa zuwa sama kusan milimita 776 ne. Idan kun hau mataki ɗaya zuwa 265/70R17, ya zama kusan 803. Idan kun yi tsalle zuwa 285/70R17, ya kai kusan 831. Abin da mai mota bai sani ba shi ne, rabin wannan ƙarin kawai motar take samu, tunda aksul a tsakiyar taya yake. Matakin farko milimita 13 zai ɗaga ta, tsallen nan mai tsada kuma milimita 27, wato inci ɗaya da ɗan ɗoriya.

To me ake biya don wannan inci ɗayan? Maleji zai fara yi wa direba ƙarya: yana nuna kilomita 100, motar kuwa tana zuba 107. Birki zai ƙara wahala, domin ƙafa mai tsawo da nauyi ta fi wuyar tsayarwa. Mota za ta yi nauyin tashi, kulochi ya riƙa ƙonewa idan ta ɗauki kaya tana fitowa daga fadama, shan mai ya ƙaru, boris da shokozoba su gaji da wuri. Motar da aka ƙara wa tsawo, aka kuma jibga mata buhuna har sama da kan direba, ta fi saurin kifewa a kwana. Saboda haka shawarata ita ce mataki ɗaya, wato ƙarin kamar kashi 3 cikin 100. Wanda ya nace sai ya wuce nan, ku faɗa masa aikin ya shafi sifirin da birki, ya fara ganin bakanike.

Sai maganar wili, inda aka fi yin ganganci. Kowane wili yana da lambarsa a jiki. Idan kun ga 16x6J, faɗinsa inci 6 ne, irin wanda ke ɗaukar 205R16C a Hilux ta aiki. Taya mai faɗin 265 tana son wili mai inci 7 zuwa sama. Idan aka matse ta a kan inci 6, tsakiyarta zai kumburo ya riga gefe cinyewa, motar ta riƙa lilo, bakin tayar kuma yana iya zamewa daga wili idan iska ta yi ƙasa. Mai irin wannan wili idan yana son ƙari, 225/75R16 za ta zauna masa daidai. Ba duk abin da ya shiga da guduma da ruwan sabulu ne ya dace ba.

Batun kaya kuwa yana cikin lambar da ke bin bayan girman taya. Lamba 110 na nufin taya ɗaya tana ɗaukar kilo 1,060, lamba 112 kilo 1,120, lamba 104 kuma kilo 900 kacal. Ana samun ƙatuwar taya mai ban sha'awa da aka ƙera don motar shiga ta alfarma, wadda lambarta ba ta kai ta siririyar tayar kamfani ba. Kada ku taɓa saukowa ƙasa da lambar da mota ta zo da ita, kuma ga motar kaya ku nemi mai harafin C ko LT. Ko da taya ta fi ƙarfi, aksul da sifirin da birki suna nan yadda kamfani ya yi su. Kimanin tan ɗaya aka ƙera Hilux ta ɗauka, har da direba da yaran mota, babu kuma tayar da za ta canza wannan.

Na san halin kasuwa. Tun da Michelin ta rufe masana'antarta ta Fatakwal a 2007, Dunlop ta bi bayanta a Legas a 2008, taya ta zama kayan waje, kuɗinta yana bin dala. Shi ya sa mai neman manyan tayoyi yake karkata ga 'yan gwanjo, duk da cewa tsofaffin tayoyi suna cikin kayan da hukumar kwastan ta hana shigowa da su. Ku duba lambobi huɗun ƙarshe da ke bayan DOT: 2319 na nufin mako na 23 na shekarar 2019. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa tana ɗaukar taya a matsayin wadda wa'adinta ya ƙare bayan shekara 4 da ƙera ta. Tayar da ta tsufa a ƙasar sanyi, ko zanenta yana nan raɗau, ba za ta jure kwaltar Jega ko ta Sakkwato a watan Afrilu ba, lokacin da zafi yake haura digiri 40. Hausawa sun ce araha ba ta ado, a nan kuwa rai take ci.

Sau da yawa ma ba girma ne maganin matsalar mai mota ba. A taɓo, zane mai manyan haƙora ne yake kama ƙasa. A rairayi, rage iska kaɗan yana shimfiɗa taya ta daina nutsewa, da sharaɗin a mayar da iskar kafin a hau kwalta. Ku bar auna iska da bugun ƙarfe ko yatsa. Ku sa geji, taya tana sanyi, ku bi takardar da ke jikin ƙofar direba. Lambar iska da ke jikin taya iyaka ce da ba a wucewa.

Idan kun gama ɗaurawa, kada mota ta tafi sai kun murɗa sitiyari ya ƙure dama da hagu, kun leƙa ko taya tana gogar bodi ko tiyon birki, kun kuma tuna cewa baya zai zauna idan an yi lodi. Ƙafafu huɗun su zama girma ɗaya, musamman a mota mai jan ƙafa huɗu, safaya ma ta zama irinsu. A gaya wa direba ya dawo a sake ɗaure noti bayan tafiyar farko.

Iyayena da 'yan'uwana, a bayan motocin nan ba buhuna kaɗai ake ɗorawa ba. Akwai 'yan ƙwadago, akwai mata masu zuwa cin kasuwa, akwai yara. Ba su san lambar taya ba, ku kuka sani. Ina roƙon shugabannin ƙungiyoyinku su sa karatun waɗannan lambobi ya zama sharaɗi kafin a yaye yaro. Ku kuma, idan mai mota ya nemi abin da kuka san zai cutar, ku faɗa masa gaskiya ko da cinikin zai tafi rumfar gaba. Allah Ya tsare hanya, Ya ba ku halal mai albarka.