Kuɗɗin yau da kuɗɗin baɗi ba ɗaya ba ne



Akwai wani lissafi da ya zama ruwan dare tsakaninmu, ni kuwa ban yarda da shi ba. Sai a zo ma mutum a ce: Alhaji, kawo miliyan 10 na sefa mu haɗa hannu mu sayi tirela, kowace shekara kasonka miliyan 3 ne, har shekara biyar. Nan take sai ya ƙirga da yatsu, uku sau biyar goma sha biyar, ya ce to, ribar miliyan 5 ke nan, Allah ya sa albarka. A ganina wannan lissafi gurgu ne, domin an ƙirga kuɗɗi an manta ba a ƙirga lokaci ba.

Ai kowa cikinmu ya san jarin falke ba ya kwana wuri ɗaya. Ka sayi shanu a kasuwannin Tawa ko Damagaram, ka bi da su ta Ilela ko Maigatari, mota ta kai su Ikko ko Badun, kuɗɗi su dawo ka sake saye. Mu ɗauka misali kowane zuwa, bayan an fitar da kuɗɗin duwan da na mota da la'ada da abin da ake rabawa a kan hanya, ana samun 3 cikin ɗari. In mutum ya yi zuwa takwas a shekara ya haura 20 cikin ɗari. Don kada a ce na cika baki, mu tsaya a kan 20. Ma'anarsa, jikka 100 da ke hannunka yau za ta zama 120 baɗi war haka. In an juya maganar, jikka 120 da aka yi maka alkawari baɗi, darajarta yau 100 ce kawai.

To daga 120 zuwa 100 me aka cire? Sudusi, wato kashi ɗaya cikin shida, irin wanda muka sani a rabon gado. Saboda haka duk kuɗɗin da za su zo nan gaba, kowace shekara ta jira a cire masu sudusi. Mu gwada da tirelar nan. Miliyan 3 ta shekarar farko ta koma jikka 2,500. Ta shekara ta biyu a cire sau biyu, ta koma 2,083. Ta uku 1,736, ta huɗu 1,447, ta biyar 1,206. In ka tara duka, jikka 8,972 ne, ko miliyan 9 ba su cika ba. Ko da an sayar da gawar motar a ƙarshe ka samu miliyan 2, darajarsu yau wajen jikka 800 ce. Jimla 9,776, alhali kai 10,000 ka zuba. Ina ribar miliyan 5 ɗin ta shiga? Tana cikin shanun da ba ka saya ba tsawon shekara biyar.

Kada wani ya ce na hana sayen mota. Wanda jarinsa ya fi ƙarfin kasuwarsa, kuɗɗi na ajiye cikin akwati suna jiran ɓarawo, ko wanda juyinsa bai wuce 10 cikin ɗari a shekara ba, in ya yi wannan lissafi da nasa ma'auni zai ga tirelar ta ba shi sama da miliyan 12 da rabi a darajar yau. Shi kam ya saya. Ga kuma amfanin da ba ya shiga takarda, kamar lokacin Babbar Salla da masu motoci ke yanka kuɗɗin haya yadda suka ga dama. Abin da nake cewa shi ne, kowa ya auna da juyin jarinsa, kada ya auna da na maƙwabcinsa. Sannan a tuna Nijeriya ta rufe iyakokinta daga Agusta 2019 har Disamba 2020, aka sake rufe ta Nijar bayan juyin mulkin Yuli 2023 har Maris 2024. Motar da ke tsaye ba ta kawo ko dala, tayoyi kuma na ruɓewa a rana.

Inda abin ya fi cin mu ma shi ne bashin mahauta. A kara, mai gida zai ce maka ga mai saye hannu da hannu a kan 100, ga kuma wani zai ba da 105 amma sai bayan wata biyu. Da yawanmu sai mu zaɓi 105, har da murna. In wata biyun nan suka hana ka zuwa biyu, wato wajen 6 cikin ɗari, ka ga tun nan an ci ka da ɗaya. Ba a yi maganar kwanakin da za ka zauna a zango kana cin guzuri kana jira ba, balle in wata biyun ya zama huɗu, abin da kowa ya san yana faruwa. Ƙwai a baka ya fi kaza a akurki.

Wani zai ce ai wannan lissafin kuɗɗin ruwa ne, mu kuma musulmi ne. A'a. Ba wanda aka ranta ma kuɗɗi aka ce ya biya da ƙari. Ma'auni ne kawai na zaɓi tsakanin ciniki biyu. Kuma mafi yawan malaman fiƙihu sun halatta a sayar da haja bashi da farashin da ya fi na hannu, muddin an yanke farashi ɗaya da ranar biya tun a wurin ciniki. Abin da aka hana shi ne a ƙara ma mutum bashi don ya yi jinkiri. Shi ya sa dole ka yi lissafinka kafin ka ce na sallama, don bayan nan ba ka da ikon ƙara ko tamma.

Mu kuma masu ƙetare iyaka muna da ƙarin ciwo, domin da sefa muke saye, da naira ake biyanmu. Sefa a ɗaure take da yuro, 655.957 kowane yuro ɗaya, tun 1999. Naira kuwa, da aka sake ta a watan Yuni 2023, dalar Amurka ta tashi daga wajen naira 460 a farashin gwamnati, kafin ƙarshen Fabrairu 2024 ta haura 1,500. Duk wanda ya bar kuɗɗinsa hannun mahauta a waɗannan watanni an biya shi nairarsa cif, amma da ya je wurin ƴan canji sai ya ga ba za ta maido masa yawan shanun da ya kai ba. Dattawanmu sun ga irinta ta ɗaya gefen a Janairu 1994, ranar da aka wayi gari faran ɗin Faransa ya tashi daga sefa 50 zuwa 100. Mai shanu a garke ya tsira, mai takardun sefa cikin akwati rabin darajarsu ya tafi cikin dare ɗaya.

Don haka ina roƙon shugabanni, duk wanda ya kawo shawarar haɗa jari a taro, ko ta mota ce, ko ta turka, ko ta gina rumfuna, kada a karɓi jimlar riba daga bakinsa. A sa shi ya rubuta nawa za su dawo, a wane wata, kuma da naira ne ko da sefa. Magatakarda ya zauna da alƙalami ya cire sudusin kowace shekara a gaban kowa, sannan a ɗaga hannu.