Injin da Bai Je Gona Ba

Jama'a, ga wata magana da ya kamata manoma su sa baki a ciki. Kowace shekara manyan makarantunmu na koyon sana'a, irin ta Kaduna wadda aka soma tun 1956, sukan sa 'yam makaranta su ƙera wani abu kafin a ba su takardar shaida. Wani ya ƙera injin ɓarar gyaɗa, wani na sussukar masara, wani akwatin busar da tumatir. Malamai su duba su ba da maki, shi ke nan, sai a jingine abin a bayan ma'aikata tsatsa ta cinye. Manomin da aka ce dominsa aka yi ko labari bai ji ba.

To, ku dubi marigayi Malam Muhammadu Bah Abba, wanda ya koyar a babbar makarantar koyon sana'a ta Dutse. Gidansu masu ginin tukwane ne. Ya sa ƙaramar tukunya cikin babba, ya cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, ya rufe baki da jiƙaƙƙen ƙyalle. Ruwan nan yana tsattsafowa ta jikin babbar tukunya iska tana shanye shi, shi kuwa yana tafiya da zafin da ke ciki, watau dai yadda randa ke sanyaya ruwa. Gautan da kan lalace cikin kwana 3 sai ya kai kwana 27. Ba lantarki, ba kananzir, sai a riƙa ƙara wa yashin ruwa safe da yamma. Amma fa da rani ya fi aiki, don da damina iska ba ta shan ruwa sosai.

Dabarar ba wuya. Abin da ya bambanta shi, bai bar ta a makaranta ba. Ya ɗauki magina suka gina dubbai, ya bi ƙauyuka yana rabawa da kuɗin aljihunsa. A 2000 aka ba shi kyautar Rolex, dala 75,000, har abin ya kai Darfur a ƙasar Sudan.

A ganina, kada a ƙara ba yaro maki sai injinsa ya yi kaka guda a ƙauye. A kai shi masussuka mata su gwada, su ne za su faɗa in yana farfasa gyaɗa. Maƙerin garin ya duba ko zai iya gyara shi in ya ɓaci, ba sai an aika Kano neman ƙarfe ba. Ɗan kasuwa kuma ya yi masa kuɗi, gama injin da ya fi ƙarfin aljihun ƙaramin manomi ado ne kurum.

Na san za a ce ba kuɗin mota. Lalle da gaskiya, amma ai kuɗin ƙarfen da ke ruɓewa a bayan ma'aikata ya fi na mota. Ƙungiyoyin manoma su rubuta wa shugaban makarantar da ke kusa da su tun kafin a tuge gyaɗa, su ce a aiko musu da inji ɗaya da yaron da ya ƙera shi, abincinsa da masauki a wuyansu.