Ku Juya Rautar Gidanku, Ku Karɓi Mukullinta

Jama'a, kirana ga duk gidan da ke da rauta ko 'yar maifai ne, da duk wurin sana'ar da ke da ita: mai POS, mai shagon kwamfuta, mai kemis, shugaban makaranta, mai gidan kallon ƙwallo. Ku tashi yau, kada a bari sai gobe. Ku ɗauko na'urar nan da ke ta ƙyafta fitilu a saman durowa, ku juya ta, ku share ƙurar da ta rufe bayanta, ku karanta 'yar takardar da aka manna mata. Da kuɗinku kuka saye ta, da guminku kuke zuba mata data duk wata. Amma akasarinmu, tun ranar da mai haɗawa ya jona ta ya ce "ga lambar Wi-Fi ɗin nan, Alhaji", ba mu sake tambayar komai ba. Wannan sakacin ya isa haka.

Rauta mukulli biyu gare ta, kamar gidan da ke da ƙofar zaure da kuma ɗakin maigida. Na farko shi ne kalmar sirrin Wi-Fi, wadda kowa ya sani, wadda baƙo ke roƙa tun kafin ya gama gaisuwa. Na biyu shi ne na shiga saitin na'urar kanta, inda ake sauya komai, a ga komai, a kori wanda aka ga dama. A rautoci da maifai masu ɗimbin yawa, wannan mukulli na biyu yana nan yadda ya fito daga kamfani: sunan shiga admin, kalmar sirri admin, ko 1234, ko makamancinsu. Akwai shafuka a intanet da suka jera irin waɗannan kalmomi, kamfani-kamfani, samfuri-samfuri, kyauta ga duk mai so. Wato duk wanda kuka taɓa ba Wi-Fi, da duk wanda shi ma ya ba, yana iya shiga ɗakin maigidan ba tare da sallama ba.

Shigar kuwa ba ta da wata wahala, kada wani ya tsoratar da ku da Turanci. Ku haɗa wayarku da Wi-Fi ɗin gidan, ku kashe datar layin wayar, ku buɗe Chrome ko duk abin da kuke buɗe shafuka da shi. A saman nan inda ake rubuta adireshi, ku rubuta lambobin da ke jikin takardar. Yawanci 192.168.0.1 ne ko 192.168.1.1. Maifai ɗin Huawei galibi 192.168.8.1 ne, rautocin TP-Link kuma suna amsa tplinkwifi.net. In rubutun ya goge, ku shiga bayanan Wi-Fi ɗin a cikin wayar, za ku ga lambar a gaban inda aka rubuta Gateway ko Router. Shafin da zai buɗe a cikin na'urar yake zaune, don haka ko datarku ta ƙare ƙarƙaf zai buɗe. Zai tambayi suna da kalmar sirri, ku sa waɗanda ke jikin takardar. Masu Starlink da wasu sababbin rautoci kuma ta manhajar waya ake shiga, amma aikin duk ɗaya ne.

Abin da za ku fara nema shi ne wurin sauya kalmar sirrin admin. Ku sauya ta kafin ku taɓa komai. Bayan nan ku buɗe jerin na'urorin da ke haɗe da rautar, ku tsaya ku dube shi da kyau, domin a nan idon mutane da yawa ke buɗewa. Za ku ga sunaye sun jeru: Tecno, Infinix, itel, Redmi, wata kwamfuta, wata talabijin. Ku ƙirga wayoyin gidan da yatsa: ta maigida, ta uwargida, ta amarya, na yaran nan biyu, ta mai gadi. In lissafi ya tsaya a shida, jeri kuma ya nuna goma sha biyar, to kun gano inda datar da kuke zargin kamfani da shanyewa take tsiyaya. Samarin da ke zama a dakalin ƙofar gida bayan isha'i, kowa ya duƙufa kan waya, ba lallai iska kaɗai suke sha ba. Kuma kada ku ce ai mutum ɗaya kuka ba. Wayoyin Android na yanzu suna fito da wani hoton murabba'i mai ɗige-ɗige wanda duk wanda ya haska shi da kamara ya shiga Wi-Fi ɗin, ko harafi ɗaya bai rubuta ba. A watan Janairun 2025 hukumar NCC ta amince wa kamfanonin sadarwa su ƙara kuɗin kira da data da kashi 50 cikin ɗari. A wannan marra, wa ke da datar da zai ciyar da unguwa bai sani ba?

Asarar data ma ita ce ƙaramar magana. Ku masu maifai da rautar da ake sa wa SIM, ku saurara da kyau. Shafin saitin yawancin waɗannan na'urori yana da wurin karanta saƙonnin tes da suka shigo layin da ke ciki, wasu har da wurin danna lambobin tura kati da duba asusu. In layin da kuka cusa a maifai shi ne wanda kuka yi rajistar banki ko WhatsApp da shi, to lambar tabbatarwar nan da ake ta yi mana gargaɗin kada mu faɗa wa kowa, tana iya bayyana ɓaro-ɓaro a gaban duk wanda ya shiga da admin. Bai kira ku ba, bai yaudare ku ba, zama kawai ya yi a kusa da shagonku. Ku cire layin banki daga maifai, ku ware masa nasa layin dabam.

Akwai kuma abin da ya fi wannan ɓoyuwa. A cikin saitin akwai wani sashe da ake kira DNS, shi ne ke nuna wa wayarku hanya idan kun rubuta sunan shafi. Wanda ya shiga rautarku yana iya karkatar da shi, ku rubuta adireshin bankinku daidai babu kuskure ko ɗaya, a kai ku shafin bogi mai kama da na gaskiya sak. An yi haka a 2018, inda masu bincike suka gano rautoci sama da 100,000, akasarinsu a Barazil, da aka sauya wa wannan saiti don a sace bayanan bankin masu su. Yawancinsu ta kalmar sirri mai rauni aka shige su.

Wanda ya ce "ni talaka ne, me za a sata a wurina", to rautar taka kanta ake so. A 2016 wata muguwar manhaja mai suna Mirai ta riƙa yawo a intanet tana ƙwanƙwasa na'urori, rautoci da kamarorin tsaro da na'urorin naɗar bidiyonsu, tana gwada sunaye da kalmomin sirri kusan sittin irin waɗanda kamfanoni ke sakawa. Duk wadda ta buɗe sai ta zama sojanta, mai ita yana barci bai sani ba. Na'urori dubu ɗaruruwa ta tara haka. Ranar 21 ga Oktoban shekarar aka juya wannan runduna kan wani kamfanin Amurka mai suna Dyn, sai ga manyan shafuka irin su Twitter da Netflix sun gagari miliyoyin mutane. Matasa uku ne 'yan Amurka suka rubuta manhajar, sun kuma amsa laifinsu a kotu a ƙarshen 2017.

Abin bai tsaya a ƙasashen Turawa ba. A daidai wannan lokaci wani ɗan Birtaniya, Daniel Kaye, ya karɓi kuɗi don ya durƙusar da kamfanin sadarwa na Lonestar a Laberiya, ya yi amfani da irin wannan runduna, har intanet ta riƙa ɗaukewa a sassan ƙasar. Nan Afirka ta Yamma ne, 'yan'uwa. A neman ƙarin na'urori da ya yi, rautoci kusan 900,000 na masu hulɗa da kamfanin Deutsche Telekom suka tsaya cak a Jamus a watan Nuwamban 2016. Kotu a Landan ta ɗaure shi shekara biyu da wata takwas a Janairun 2019. In gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, sai ka shafa wa naka ruwa. Mu da muke ta kafa kamarorin tsaro a shaguna da masallatai da makarantu, muna barin su da kalmar da suka zo da ita a kwali, da wane ido za mu ce abin bai shafe mu ba?

Tunda kun shiga, ku ƙarasa aikin. Ku sauya kalmar sirrin Wi-Fi, kuma kada ta zama ɗaya da ta admin. Ban da lambar waya, ban da sunan ɗan auta, ban da shekarar haihuwa ko ranar aure, domin duk unguwa ta san su. Tsarin yana karɓar harafi takwas, amma takwas ta yi kaɗan, ku kai goma sha biyu ko fiye. Ku ƙirƙiri wata jimla ta Hausa da ba karin magana ba ce, ba baitin waƙa ba, ku cuɗa ta da lambobi. Ku rubuta kalmomin biyu a littafi ku ajiye inda kuke ajiye takardun gida. Da zarar kun danna ajiyewa duk wayoyin gidan za su sauka daga Wi-Fi, kada hankalinku ya tashi, kowa ya sake shiga da sabuwar. A wurin zaɓen nau'in tsaro ku ɗauki WPA2, ko WPA3 in akwai. Rautar da ba ta san komai ba sai WEP ta tsufa, cikin 'yan mintoci ake fasa ta, a musanya ta. Ku kashe WPS: tun Disambar 2011 aka nuna cewa lambobinsa takwas ana iya cinko su da gwaji kusan 11,000 kacal, wanda ba komai ba ne a wurin kwamfuta. In kun ga wurin sarrafa rauta daga nesa a kunne, ba ku kuka buƙace shi ba, ku kashe. In akwai sabunta manhajar na'urar, ku sabunta, amma ku zaɓi lokacin da take kan sola ko batirinta cike yake, domin ɗaukewar wuta a tsakiyar aikin na iya kashe ta gaba ɗaya.

Wanda kalmar da ke jikin takarda ta ƙi buɗe masa, to wani ya riga ya sauya ta, kuma ya kamata ya san ko wane ne. A bayan rautar akwai wani ɗan mitsitsin rami da aka rubuta wa Reset. A zura tsinke ko allura a danne kamar daƙiƙa goma, fitilu su mutu su dawo, komai ya koma yadda ya fito daga kamfani. Wanda intanet ɗinsa ta kebul ce, ya fara tuntuɓar kamfaninsa kafin ya danna, domin saitin da suka sa masa ma zai goge. Wanda kuma ya sayi rauta ta hannu a kasuwa, wannan shi ne abin da zai fara yi kafin ya jona ta.

Na san abin da ke hana da yawanmu, kunya ce. Yaya za a yi maƙwabcinka ya wayi gari ka rufe masa Wi-Fi, ku haɗu a masallaci da asuba? Babu wanda ya ce a yi rowa, haƙƙin maƙwabtaka ya fi ƙarfin data. Yawancin rautoci suna da wurin buɗe Wi-Fi na biyu don baƙi, mai sunansa dabam da kalmarsa dabam, wanda a mafi yawansu ba ya kaiwa ga saiti ko sauran na'urorin gida. Ku buɗe shi, ku ba wanda kuka yi niyya da hannunku, ku sauya kalmar duk lokacin da kuka ga jerin ya yi tsawo. A haka kun yi kyautar da kuka san kun yi, kun kuma tsare iyalinku.

Ku kuma masu sayar da rautoci, daga kasuwar waya ta Farm Centre a Kano har zuwa shagunan Maraɗi da Damagaram, da ku masu hawa rufi kuna haɗa wa mutane intanet da kamara, amana ce a wuyanku. Kada ku fita daga gidan mutum sai kun zaunar da shi ya sa kalmar admin da hannunsa, kun kawar da kai yana rubutawa. Riƙe wa mutum mukullin na'urarsa don ya dinga kiranka yana biyan kuɗin gyara cin amana ne, komai sunan da aka sa masa. Hukumomin sadarwa na Nijeriya da Nijar su ma su dubi Birtaniya, wadda tun ranar 29 ga Afrilun 2024 ta haramta sayar da na'urorin intanet masu kalmar sirri irin admin ko 12345. Abin da aka hana a can, kada a mayar da kasuwanninmu wurin jibge shi.

Samari da 'yan mata, ku da yatsunku suka fi namu sauri, wannan aikin naku ne. Ku fara da gidanku, sannan gidan kawu, sannan na gwaggo, sannan shagon baba. Ku nemi izini tukuna, domin shiga na'urar wani ba da yardarsa ba yana iya zama laifi a dokar laifuffukan intanet ta Nijeriya ta 2015, ko da ƙofar a buɗe kuka same ta. Ku zauna kusa da Hajiya, ku nuna mata jerin wayoyin a kan allo, ku bar ta ita ta zaɓi kalmar. In kun gama, ku rubuta mata ita da manyan baƙaƙe a takarda ku damƙa a hannunta, kada ku riƙe a wayarku. Sannan ku gaya mata bayan wata ɗaya za ku dawo ku sake ƙirga wayoyin tare, kuma ku dawo ɗin.