RIJIYA TA BAYAR, GUGA YA HANA

Wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba.

Ni malamin makaranta ne a birnin Kano kafin in ajiye alli in shiga aikin jam'iyya. Rijiyar makarantarmu, wadda dattawa suka ce ko a farin 1973 ba ta ƙafe ba, da idona na ga guga yana dawowa da taɓo. Darbejiyar da yara ke karatu a inuwarta ta bushe tun daga sama. To, me ya faru?

Ruwan ƙarƙashin ƙasa randa ɗaya ce, damina ke cika ta. Kududdufan birni su ne bakin randar. Sai aka cike su da shara, aka yanka filaye, aka sayar. Aka shafe ƙasa da siminti da kwalta, ruwan sama ya rasa inda zai nitse, ya bi lungu yana rushe gidan talaka. Sannan kowane mai hali ya haƙa burtsatse, ya zura bututu ƙasa da gindin rijiyar maƙwabcinsa. Inda ƙasa ke da laka kuwa, in ta bushe sai ta tsuke, bango ya tsage, bututun famfo ya karye a ƙasa.

Za ka ce, ina ruwan mutumin ƙauye da ƙishin birni? Malam, da ruwanka! Ɗanka da ya tafi cin rani, kuɗin takin da zai aiko maka, 'yan garuwa ne ke karɓewa jarka-jarka. An gama madatsar Tiga a 1974, ta Challawa a 1992, domin noman rani da ruwan sha. Ruwan da ke malala fadamun Haɗejiya da Nguru ya ragu, masunta da makiyaya sun ji a jikinsu. Ga shi birnin da ya san famfo tun zamanin Sarki Abdullahi Bayero har yau sayen ruwa yake yi. Ƙauye ya yi asara, birni bai sha ba.

In sun zo za su ce maka, ai fari daga Allah ne. Haka ne. Amma wa ya sa hannu a takardar sayar da kududdufi?

Ga alkawarin jam'iyyarmu, ku riƙe mu da shi: kududdufin da ya rage ba mai ƙara cike shi. Ba mai haƙa burtsatse sai da izini da awo. A gyara famfo, a saki ruwan madatsa ga fadama a kan lokaci, a dasa itace a kuma ɗauki mai ba shi ruwa.

Iyayena mata, ku ne ke ɗaukar tulu. Kada ku sayar da ƙuri'arku a kan sabulu. Ina ruwan da za ku yi wankin?

Ranar zaɓe a fito da sassafe, a dangwala wa jam'iyyarmu. Allah ya ba mu damina mai albarka, amin.