Jagoran Da Ke Nuna Gidan Da Aka Tashi

Garin Potiskum mahaɗar hanyoyi ne, don haka mutanensa sun san darajar allon kwatance a bakin titi. Idan allo ya ce ga hanyar Damaturu, direba bai sake tambaya ba. To, amma fa idan aka canja hanya aka bar allon yadda yake, gara ma a ce babu shi, domin wanda ya gaskata shi shi ne zai ɓata. Irin wannan matsala ce take damun littattafan jagora na kwamfuta, kuma ta shafi kowane ɗalibi da mai shagon buga takardu, tun daga Kwalejin Ilmi ta Tarayya da ke garin har zuwa cikin kasuwa.

Kowace kwamfuta tana da babbar manhaja mai tafiyar da ita, kamar Windows ko Linux, kuma kowace tana da jagorarta. Al'adar ta daɗe. A shekarar 1971 Ken Thompson da Dennis Ritchie suka fitar da jagorar Unix ta farko a Amurka, kuma a cikin shafukanta akwai wurin da ake nuna wa mai karatu wasu shafukan da zai duba don ƙarin bayani. Muddin abin da aka nuna na gida ne, babu wahala, domin mai manhaja shi ne mai jagora; in ya canja wannan sai ya gyara wancan.

Wahalar tana zuwa ne sa'ad da jagora ta tura mutum ga manhajar wani kamfani dabam. Wannan kamfani ba ya neman izinin kowa kafin ya canja suna, ko ya sayar da kansa, ko ya rufe. Ga misali, kamfanin Oracle ya sayi Sun Microsystems a 2010, a shekarar kuma wasu masu aikin OpenOffice suka ɓalle suka kafa LibreOffice. Haka nan Adobe ya daina kula da Flash a ranar 31 ga Disamba, 2020. Duk jagorar da har yau take cewa a nemi OpenOffice wurin Sun, ko a saka Flash, tana aika mutum gidan da aka tashi ne.

Ba ɓata lokaci kaɗai ne abin tsoro ba. Yaro ya sayi data da kuɗin guminsa, ya bi adireshin da littafi ya ba shi bai sami kome ba, sai ya shiga lalube a intanet. A nan ne mazambata suke ɗana tarko da sunan tsohuwar manhajar, ya sauko da cuta da hannunsa, aikin mutane da ke cikin na'urar ya salwanta.

Masana sun yi dabaru. Masu FreeBSD sukan rubuta sunan manhajar waje tare da wurin da take a cikin ma'ajiyarsu, yadda mai karatu zai gane cewa ba ta zo tare da na'urar ba. Akwai kuma manhajar mandoc, wadda take bin shafuka tana tona duk inda aka ambaci shafin da babu shi. Sai dai na'ura tana iya gane cewa ƙofa a rufe take, ba ta iya sanin ko mai gidan ya canja hali. Wannan sai mutum ya zauna ya duba.

Saboda haka ya kamata malaman da ke rubuta wa ɗalibai takardun koyon kwamfuta su riƙa sa kwanan wata a kan kowace, su bambanta abin da ya zo da na'ura da abin da za a nemo, su kuma bi kowane adireshi da kansu a farkon kowane zango. Lokacin ma ya yi, tun da Microsoft ya janye tallafinsa na kowa da kowa ga Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba, 2025, takardu da yawa kuwa a kansa aka rubuta su. Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani. Allah Ya sa a gyara.