Motar Ma'aikaci Ranar Ƙaura

Akwai wata al'ada da ta kama jiki cikin ma'aikata, wadda ya kamata mu tsaya mu dube ta da idon basira. Da zarar takardar canjin wurin aiki ta iso wa malamin makaranta ko akawu, in dai yana da 'yar motarsa, sai ka ji ya ce, "Ai ni ƙaura ba ta ba ni tsoro." Ran tashi sai a cusa akwatuna a but har murfin ya ƙi rufuwa, a ɗaure katifu da tabarmi bisa, a liƙa turmi da buhun hatsi, sa'an nan uwargida da yara su matsu a baya, maigida ya kama sitiyari ya nufi garin da bai taɓa kwana cikinsa ba. Maƙwabta su yi ta ɗaga hannu, ba mai cewa uffan.

To, ni ra'ayina shi ne, ran ƙaura mai nisa mota ita ma kaya ce daga cikin kayan da za a kai. Iyali kaya guda ne, tarkacen gida kaya guda, mota kuma kaya guda. Kowanne yana bukatar a yi masa nasa shiri dabam. Wanda ya gama su uku ya ɗora wa taya huɗu, don gudun kuɗin dako, ya sa ran iyalinsa cikin caca.

Mutanen da, ko da ya ke ba su da kwalta irin tamu, sun fi mu gane wannan. Kafin 1967 Jihar Arewa guda ce, ana iya ɗauke ma'aikacin Gwamnati daga Ilori a kai shi Barno. Hanyoyi da yawa na jan ƙasa ne, da damina kuwa akan sa shinge a tsare motoci in an yi ruwa, sai ƙasa ta tsane. Mai son ƙetare Kwara a Anaca sai ya jira jirgin fito, don ba a gama gadar can ba sai 1965. Sabo da haka mai mota ba ya ganin ƙasƙanci ne ya kai ta tashar reluwe a ɗora ta bisa wagunu, a ɗaure, a ba shi takarda, shi da iyalinsa su shiga tarago. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, aka gama gadar Jabba a 1916, ya kai Ƙaura Namoda a 1929, Nguru a 1930, aka buɗe gadar Makurɗi a 1932, daga baya ya kai Maiduguri a 1964. Daga Ikko zuwa Kano mil 700 ne a dogo, mota takan yi su duka tayarta ba ta juya ba.

Yau zamani ya sake. An rarraba ƙasa jihohi 36, an rushe En'e a 1976 aka kafa ƙananan hukumomi, amma canji mai nisa bai ƙare ba. Malaman kwalejojin Gwamnatin Tarayya, da 'yan sanda, da ma'aikatan kwastan, da na banki, har yanzu ana ɗauke su daga wannan gefen ƙasa zuwa wancan. Tsohon dogo kuwa ya yi rauni. Sababbin da aka shimfiɗa, na Abuja zuwa Kaduna a 2016 da na Ikko zuwa Badun a 2021, gajeru ne, kuma Sakkwato da Yola ba su taɓa ganin jirgin ƙasa ba. Watau nauyin duka ya komo kan kwalta, shirin da reluwe ke yi wa mutum a da, yanzu shi zai yi wa kansa.

Bari mu yi lissafi irin na aji. A ce an canja malami daga Sakkwato zuwa Maiduguri. Daga Sakkwato zuwa Kano ta Gusau da Funtuwa ya wuce kilomita 500. Daga Kano zuwa Maiduguri ta Wudil da Azare da Fataskum da Damaturu kusan 600 ne. Jimla ta haura 1,000. In aka sa tsayawar salla, da cin abinci, da shan mai, da shingayen jami'an tsaro, da ramukan hanya, da wuya mai iyali ya wuce kilomita 60 cikin awa guda in an daidaita. Raba 1,000 da 60, ka sami awa 16 da ɗoriya. Hasken rana a ƙasarmu misalin awa 12 ne. Ashe ke nan tafiyar kwana biyu ce, wanda ya ce zai yi ta yini guda lalle dare zai yi masa a daji, ga gajiya, ga barci, ga shi kowa ya san akwai hanyoyin da mai hankali ba ya bin su bayan magariba a wannan zamani.

Sai lissafin nauyi. Ƙaramar mota mai kujera biyar, abin da aka ƙera ta ta ɗauka, mutane da kaya duka, yawanci tsakanin kilo 400 ne da 500. Masu ƙira sukan rubuta iyakar nauyin a wani ɗan allo jikin ƙofa, ko cikin littafin motar. Manya uku da yara uku sun kusa cinye kilo 300. Buhun masara guda kilo 100 ne. Ina wurin akwatunan littattafai, da keken ɗinki, da janareto, da tukwane? Ga abin da ke faruwa in nauyi ya wuce kima. Taya takan lotsa, in tana gudu a lotse sai ta yi zafi, ga kwalta ta Maris da Afrilu, lokacin da zafin Sakkwato da Maiduguri kan wuce digiri 40, sai ta fashe. In bayan mota ya nutse, gabanta sai ya yi sauƙi, sitiyari ya rage kama ƙasa, fitilu su dubi sama su kashe wa na gaba ido. Kayan da aka jibga bisa sukan sa mota ta yi rinjaye a kwana. Birki kuma yakan yi zafi ya rage ci a gangara. Daɗin daɗawa, in ka ninka gudu sau biyu, nisan da za ka yi kana taka birki kafin ka tsaya ninkuwa ya ke sau huɗu. Wannan ba ra'ayin kowa ba ne, hukuncin ƙarfe ne da roba, ba ya duban girman albashi.

Me ya kamata a yi? Tarkacen gida a ba motar kaya, a rufe da tamfol, ta riga yin gaba. Wannan ba gardama. Game da motar kanta, hanya uku ce.

Ta fari, a tuƙa ta, amma ba kaya sai 'yan jakunkunan hannu, da ruwa, da guzuri. Mako guda kafin tafiya a kai ta wurin bakanike ya duba birki, da lagireto, da baƙin mai, da fitilu, da safaya da jak. A dubi shekarun taya. Jikin kowace taya akwai lamba huɗu a jere, biyun fari mako ne, biyun ƙarshe shekara, watau 2319 mako na 23 ke nan na 2019. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ta sha gargaɗi kada a yarda da tayar da ta wuce shekara 4 da ƙira, ko da zanenta bai suɗe ba. A tashi da asuba, a huta bayan kowace awa biyu ko uku, a san garin da za a kwana tun ba a bar gida ba. In za a ɗauki direba, a ɗauki wanda aka san gidansu da maigidansa, kuma wani na gida ya zauna kusa da shi. Motar da aka sallama wa direba shi kaɗai ba ta rasa fasinja a hanya, sai ta iso da ƙarnin kifi da sifirin a karye.

Ta biyu, a ɗora ta bisa tirelar ɗaukar motoci, iyali su bi motar haya ko jirgi. Wannan ita ce magajiyar wagunun reluwe, kuma ita na fi so ga wanda tafiyarsa ta wuce yini guda, ko motarsa ta tsufa, ko shi kansa bai saba da doguwar hanya ba. Tirelolin da ke hauro da motoci daga tashar jiragen ruwa ta Ikko zuwa Kano da Kaduna sau da yawa sukan koma da gurbi, sabo da haka mai gangarawa kudu yana da bakin ciniki. Amma fa a nan ne ma'aikaci zai nuna shi ɗan takarda ne. Kada ya yarda da cinikin baka da ɗan kamasho a bakin tasha. A rubuta yarjejeniya, a sa sunan mai tirela da ofishinsa, da lambar tirela, da lambar mota da ta jikin ƙarfenta, da yawan kilomitan da agogonta ya nuna, da ranar ɗauka da ranar saukewa, da wurin da za a sauke. A zagaya motar tare da direba a ɗauki hotonta ta kowane gefe, a rubuta duk wani ƙarzane da ke jikinta, kowa ya sa hannu gaban shaida. A kwashe kome da ke ciki, a bar mai kaɗan, misalin rubu'in tanki. A tsaya a ga an ja birkin hannu, an sa waigi, an ɗaure ƙafafun nan huɗu. A ba direba kofen takardun mota da na kwastan, don za a tambaye shi a hanya, na ainihi su zauna hannun mai su. Kuɗi kuma a ba da rabi, sauran sai an ga mota da rana tsaka an gwada ta da hotunan.

Akwai wani abu kuma da yawancinmu ba mu lura da shi ba. Inshorar da doka ta tilasta wa kowane mai mota, wadda aka mai da kuɗinta Naira 15,000 ga motar gida tun Janairu 2023, ɓarnar da ka yi wa wani ita ta ke biya. In motarka ta faɗo daga bisa tirela, ko ta ƙone, wannan takarda ba ta ba ka ko anini. Tilas ka tambayi mai tirela ko yana da inshorar kayan da ke kan hanya, ka ga takardar da idonka, ka ga ranar ƙarewarta. In ba shi da ita, ka je ka yanki taka ta wannan tafiya.

Ta uku, wadda mutane ba su son ji, a sayar da ita. Motar da kuɗin dakonta ya kusa rubu'in darajarta, kuma ba a san ko akwai kayan gyaranta a garin da za a ba, gara a rabu da ita cikin mutunci inda aka san ta, a riƙe kuɗin a nemi wata can.

Na san abin da wani zai ce. Zai ce, "Malam, kana magana kamar ba ka san albashi ba. Wa ke da kuɗin motar kaya, da na tirela, da na motar haya, duk cikin wata guda?" Wannan magana tana da ƙarfi, ba kuwa zan raina ta ba. Amma a yi lissafin ɗaya gefen. Tafiyar kilomita 1,000 da mota mai nauyi za ta sha mai misalin lita 100, kowa kuwa ya san yadda kuɗin mai ya ninka tun da aka janye tallafi ran 29 ga Mayu 2023. A ƙara kuɗin masauki, da taya guda ko biyu, da abin da bakaniken bakin hanya zai yanka wa baƙon da ya ga ba shi da mafita. Sau da yawa bambancin bai kai yadda a ke zato ba. Abin da ba ya shiga lissafi kuwa shi ne yaran nan da ke kujerar baya. Araha ba ta ado.

Duk da haka, ba daidai ba ne a ɗora wa ma'aikaci laifin duka. Hukumar da ta canja shi ita ta jawo tafiyar, ita ya kamata ta ɗauki nauyinta. Dokokin aikin Gwamnati sun tanadi kuɗin tafiya da na dakon kaya, har da kuɗin masauki na kwana 28 na farko. Amfaninsu yana ga a biya su kafin tashi. Kuɗin ƙaurar da ya fito bayan wata shida ba ƙaura ya yi ba, bashi ya biya. Ina roƙon shugabannin ma'aikatu abu uku. A ba mutum sanarwa ta wata guda aƙalla. A sa kuɗin kai motarsa cikin abin da za a ba shi a hannu, bisa ga nisan tafiya. A kuma daidaita canjin malamai da hutun makaranta, don kada a tsinke wa 'ya'yansu da ɗalibansu karatu tsakiyar zango. Ko da ya ke babban hutu yakan faɗo cikin damina, sa'ad da ruwa ke cin kwalbati, in an ba da isasshen lokaci mutum ya iya zaɓen ranarsa da hanyarsa. Takardar da ta ce "ka kama aiki ran Litinin" ga wanda ke nesa da kilomita 1,000, ita ce ke tura shi tuƙin dare.

Ku kuma 'yan'uwa malamai da akawuna, ku ne mutane ke duba a gari. Mu ne ke koya wa yara auna nauyi da nisa a allo, mu ne ke rubuta wa jama'a yarjejeniya a ofis. Abin kunya ne a ce ran da abin ya zo kanmu mun ajiye alƙalami mun kama igiya. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ran da takardar canji ta zo, ran nan za a ɗauki takarda a raba ta gida uku, a rubuta iyali, a rubuta kaya, a rubuta mota, a nema wa kowanne hanyarsa.

Allah ya kai kowa masaukinsa lafiya, amin.